Kaset ɗin Habu da Yohanna

Shekaranjiya wasu samari suka zo hayar lasifika a wurina. Ɗayansu ya hango tsohuwar rikodata a saman kanta, ya yi dariya ya ce, "Baba Sabo, ai ku kun ci banza a zamaninku. Ku danna jan maɓalli kawai a biya ku." Ban tanka masa ba, don bayana na ciwo kuma rana ta yi. Amma ku tunda kun zauna, kuma ba gaggawa kuke ba, bari in gaya muku abin da ke bayan jan maɓallin nan.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shi ne goge kan rikoda. A farkon shekarun tamanin ne, a shagon Baba Bitrus mai gyaran rediyo, mutumin Filato da ya daɗe a Haɗeja har Hausarsa ta koma irin tamu. Kai shi ne ɗan ƙarfen nan da zaren kaset ke gogawa a jikinsa sauti ya fito. Ka naɗa auduga a tsinken ashana, ka tsoma a sifirit, ka goga a hankali har audugar ta daina fitowa da ja. Na yi watanni ba abin da nake taɓawa sai wannan da tsintsiya. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Sabo, hannu kowa yana da shi. Kunne nake so in yi maka." Sai ya saka kaset, ya juya mini baya, ya ce in faɗi ciwon injin. In murya tana rawa, bel ɗin roba ya saki. In ta dushe kamar mai magana a cikin tulu, kai ya yi datti. In tana ja kamar mai jin barci, batir ne. In na kuskure ba ya faɗa, sai dai ya sake kunnawa, ya sake, har in gaji in ji.

Da ya tsufa ya koma garinsu, ya bar mini rikoda mai baki biyu da ɗan akwatin haɗa sauti da makirfo guda. Da su na buɗe nawa shagon a gangaren kasuwa, wajen da ƙasa ta yi kwari, don can haya ta fi sauƙi. Yawancin aikina kwafi ne. Direba ya kawo kaset ɗin wa'azi a juya masa, amarya tana son waƙoƙin Indiya, mai maganin shawara yana son a ɗauki tallarsa ya riƙa kunnawa ranar kasuwar Kafin Hausa don maƙogwaronsa ya huta. Ranar biki in ɗaura kaya a bayan keke in je in ɗauki makaɗa, in tsaya a rana da makirfo a hannu ina kare shi daga iska da hulata. Kowane aiki yana da uwa, wato kaset na asali wanda daga shi ake juyo sauran. Uwa ba a ba da aronta, ba a barin ta a rana, ba a ajiye ta kusa da sifika, don maganaɗisun da ke ciki yana cinye sauti.

Aikin da ya fi ba ni wahala a duk shekaruna ya zo ne a tsakiyar shekarun casa'in, ranar da samari biyu suka shigo mini tare. Ɗaya Yohanna, ɗan Malam Ishaya da ke koyarwa a sakandare, mutanen kudancin Kaduna. Yohannan ke kaɗa jita a cocinsu, dogo ne, mai sanyin magana. Ɗayan Habu, ɗan masunta daga wani ƙauye a yankin Auyo. Kamun kifi ya mutu a wajensu, don ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, shi ya sa ya shigo gari yana kamasho a tasha. Duk wanda ya taɓa shiga mota a lokacin ya san bakin Habu. Yana iya jero sunayen garuruwa daga nan har Nguru da numfashi ɗaya, ya haɗa da tsokanar fasinja, kowa na dariya.

Yohanna ya ce, "Oga Sabo, kaset muke so mu yi. Namu na kanmu, ba kwafi ba."

Na ce, "Na coci ko na biki?"

Habu ya ce, "Ba ko ɗaya. Shi zai yi rege, ni in yi raf a kai."

Rege na san shi, don ina juya wa 'yan makaranta da masu bautar ƙasa. Kiɗa ne mai nauyi, mai tafiyar raƙumi. Raf kuwa sau ɗaya na taɓa ji a wani kaset da aka kawo daga Legas, na ɗauka faɗa ake yi. Na ce su gwada in ji. Yohanna ya fara kaɗa jita yana rera "Ruwa, dawo gida" a hankali, sai Habu ya faɗo ciki kamar an ɓalle famfo:

"Kacalla ta ci hanya, tsuntsu jan-baki ya ci shinkafa,
kwale-kwale na kan tudu, koma ta zama igiyar shanya."

Kafin Yohanna ya kai rabin layi, Habu ya gama baiti ya tsaya yana jiran sa. Na ce musu, "Wannan ai mai keke ne da mai babur suka ce za su jera." Amma maganar da yaron ke faɗa gaskiya ce, duk wanda ke da ɗan'uwa a fadama ya san ta. Na ce su dawo.

Gyaran ɗaki kaɗai ya ci mana kwanaki. Shagona rufin kwano ne, in ka yi tari sai ya amsa maka. Muka bi masu shayi muna tara kwalayen ƙwai muka manna a bango, muka jingina tsofaffin katifu a ƙofa. In an rufe, zafin ciki sai ka ce tanda. Fanka ba ta yiwuwa, don makirfo zai ɗauki ƙararta. Lokacin ɗauka kuma sai mun yi dabara. Da hantsi injin niƙan maƙwabcina yana aiki, da yamma masu babur. Sai muka koma farawa da sassafe bayan an fito masallaci, kafin kasuwa ta tashi, da kuma ranar Lahadi da rana in Yohanna ya taso daga coci. Wutar lantarki ba a dogara da ita. Ko ta zo, in ta yi ƙasa sai injin ya rage gudu, waƙa ta karkace. Na koma amfani da batirin mota, in kai caji in ɗauko a kafaɗa.

Ku yanzu kuna ɗora murya goma a waya, in ɗaya ta ɓaci ku goge ta ita kaɗai. Mu ba haka ba. Da farko in ɗauki ganga daga kibod ɗin da Yohanna ya aro a coci, tare da bas, wato sautin nan mai kauri na ƙasa. Sai in kunna wannan kaset a baki ɗaya, Yohanna ya kaɗa jita a kai, in ɗauka a ɗaya bakin. Sai in sake juyawa a ɗora muryarsa. Sai in sake a ɗora ta Habu. Duk juyi ɗaya, sai wani shuu ya ƙaru a ƙarƙashin kiɗan kamar ana yayyafi a kan kwano, gangar farko kuma tana ƙara nisa. Saboda haka tun a ɗaukar farko sai ka ƙara wa ganga kaifi fiye da kima, har ta yi maka zafi a kunne, don ka san za ta dushe kafin a kai ƙarshe. In kuma Habu ya yi tuntuɓen harshe a baitin ƙarshe, ba gyara, sai a koma farkon waƙar.

Kuma ya yi ta yi. Bakin tasha daban, bakin makirfo daban. A tasha ihu ake so, a nan ihu fasa sauti yake. Duk harafin da ya fito da iska sai allurar injin ta buga ja. Na sa wa makirfo safa, na ja layi da alli a ƙasa na ce kada ƙafarsa ta wuce. Matsalar gudu kuwa ta kusa raba su. Wata safiya Yohanna ya ajiye jita ya ce, "Habu, waƙa fa ake yi, ba lodin Gumel ba."

Habu ya ce, "Kai ma ai ba jana'iza muka zo ba. In na bi tafiyarka barci zan yi a tsaye."

Na bar su suka yi ta yi har suka gaji. Sannan na ce wa Habu ya daina sauraron jita gaba ɗaya, ya saurari ƙaramin kuge da ke cikin gangar, mai bugawa biyu a duk taku ɗaya na Yohanna. Na ce, "Kai bi wannan, shi ya bi babbar ganga. Ku haɗu a bakin amshi." Na tsaya a gabansa ina kaɗa masa biro a gefen tebur. Ranar aka samu waƙar farko. Da na kunna musu, Habu ya zauna a ƙasa ya riƙe kai, ya ce, "Oga, wallahi ni ne wannan?"

Daga sanyi muka fara, ba mu gama ba sai da damina ta kankama. Waƙoƙin sun cika fuska biyu na kaset. Akwai ta kacalla, akwai ta 'yan kamasho, akwai wadda Yohanna ya yi wa mahaifiyarsa da yarensu, Habu yana fassarawa da Hausa a guje. Malam Ishaya ya zo da kansa ya saurara, ya ce bai gane rabin abin da yaron nan ke faɗa ba, amma ba ashar a ciki, don haka ya yarda. Muka kai hoto Kano aka buga bangon kaset, su biyu a tsaye cikin wani mataccen kwale-kwale. Na yi kwana da kwanaki ina juyawa ɗaya bayan ɗaya, don juyin sauri yana rage kyau, har kwalaye suka cika a ƙarƙashin tebur. Muka fara ba direbobi kaɗan don su ɗanɗana wa mutane. Cikin mako guda sai ga yara a bakin tasha suna "Ruwa, dawo gida." Muka sa ranar fitarwa bayan sati biyu, a filin makarantar su Malam Ishaya.

Ruwan bai jira ba. Kacallar da ta hana shi bin hanyarsa ita ta juyo da shi gari. Ina Auyo ɗaukar wani biki aka ce kogi ya ɓalle, hanya ta yanke. Sai da na kwana uku kafin na samu kwale-kwalen da ya tsallakar da ni. Na tarar da ruwa a shagona har ƙugu. Katifun sun sha sun faɗo, kwalayen ƙwai suna yawo, kaset-kaset ɗinmu sun fashe daga kwali suna iyo da hoton yaran a jiki. Uwar tana cikin aljihun tebur inda nake kulle ta, laka ta cika ta. Rikodar da na tafi da ita biki ce kaɗai ta tsira.

Shekarar nan ba wanda ya yi maganar kaset. Shinkafa ta tafi, gero ya ruɓe a tsaye, mutane suna kwana a azuzuwan makarantar da muka ce za mu yi taro. Wanda bai ci ba ba ya sayen waƙa. Na koma gyaran tocila da rediyon da suka sha ruwa, yawanci a biya ni da godiya. Abin da ya fi ci wa Habu rai shi ne bakin mutane. In ya wuce a tasha sai wani ya ce, "Ga masu kiran ruwa nan. Kun ce ya dawo gida, to ga shi ya dawo." Wasu da wasa suke faɗa, wasu ba da wasa ba. Gidansu na ƙauye ma ya rushe. Ya zo ya same ni ina kankare laka daga bango.

Ya ce, "Oga, zan bi 'yan garinmu tafkin Chadi. An ce can akwai kifi."

Na ce, "Ka bari ruwa ya janye mu sake ɗauka. Waƙoƙin ai suna kanku."

Ya ce, "Waƙa tana kaina, Inna kuma tana kwana a aji. In na samo na gini na dawo."

Bai dawo ba. Kafin shekara ta zagayo aka aiko cewa amai da gudawa sun shiga sansaninsu a bakin tafki, yana cikin waɗanda aka binne a can. Yohanna ya zo shago ya zauna har la'asar, ya tashi ya tafi. Ba da daɗewa ba mahaifinsa ya yi ritaya suka koma kudancin Kaduna. Ya aiko mini gaisuwa sau biyu, daga nan shiru. Na ji an ce ya zama malamin makaranta shi ma.

Bayan rasuwar da wata biyu ko uku wata tsohuwa ta tsaya a ƙofar shagona da ƙullin kaya a ka. Ta ce ita ce mahaifiyar Habu, an ce mata muryarsa tana wurina. Ba ta taɓa jin kaset ɗin ba, don babu rikoda a gidansu. Na shimfiɗa mata tabarma na yi mata gaisuwa, na ce, "Inna, ruwa ya ci. Amma ki ba ni kwana kaɗan in nema."

Na bi direbobin da muka ba. Ɗaya ya ce injin motarsa ya tauna zaren ya jefar. Ɗaya ya sayar da motar da kaset ɗin a ciki. Na ukun ya ɗauko mini nasa da murna, na saka, sai na ji wa'azi, ashe ya ɗora a kai. Waɗanda ruwa ya ci a shago kuwa tuni na zubar da su. Ba abin da ya rage sai uwar, wadda na jefa a gwangwani tun ranar ban sake kallo ba.

Wankin zaren kaset aiki ne da ba na yi wa maƙiyi fatansa. Na kwance ƙananan notinan, na buɗe gidan, na tarar zaren ya manne da laka ya zama kamar ƙuli-ƙuli. In ka ja, ya tsinke. In ka goga, jan garin da ke jikinsa ya fita, kuma wannan garin shi ne muryar. Na sayo ruwan batir, don na rijiya yana da gishiri, na jiƙa shi a kwano ina canja ruwan har ya daina yin baƙi. Sannan na fara warwarewa da tsinke, kamu ɗaya bayan kamu ɗaya, ina ratayawa a igiyoyin da na ɗaura daga bango zuwa bango. Ba a shanya shi a rana, zai nannaɗe. Na rufe shago, na toshe taga don iska, na bar shi ya bushe a inuwa. Inda garin ya zube har kana hango haske ta ciki, in yanke da reza a karkace, in haɗa baki da baki da siririn salatif ta baya. Na naɗe shi da biro a sabon gida. Idona bai sake komawa daidai ba tun daga wannan aikin.

Fuska ta biyu ta tafi gaba ɗaya. A ta farko na samu waƙar kacalla kusan cikakkiya, da rabin ta 'yan kamasho, sauti yana nutsewa yana tasowa. Na juya a sabon kaset nan take, don na san uwar ba za ta jure kunnawa da yawa ba.

Ranar kasuwa tsohuwar ta dawo. Na zaunar da ita, na kunna. Jitar Yohanna ta shigo, sai Habu ya faɗo. Ta karkata kai tana saurare har aka gama. Ta ce, "Shi ne. Amma ɗan nan, ban kama ko kalma ɗaya ba. Haka yake tun yana ƙarami, in yana magana sai ka ce ana korar sa. Ba yadda za a yi ya yi a hankali?"

Akwai yadda za a yi. A bayan ɗan injin da ke juya kaset akwai wani ɗan rami, a cikinsa akwai noti ƙarami da ake saita gudu da shi. Ba a taɓa shi sai injin ya ɓaci. Na buɗe bayan rikodar, na zura siririn sukundireba, na mayar da kaset farko, ina murɗawa kaɗan-kaɗan yana tafiya. Kiɗan ya yi nauyi. Kalmomin suka rarrabu, kowace ta tsaya da ƙafarta. Amma in ka rage gudu, murya ma sauka take yi. Muryar saurayin nan ta yi kauri, ta zama ta magidanci mai shekara arba'in ko fiye, yana faɗa a natse cewa kwale-kwale na kan tudu, koma ta zama igiyar shanya.

Na kai hannu zan mayar, na ce, "Inna, ya yi ƙasa da yawa, ba muryarsa ba ce wannan."

Ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Bar shi. Haka zai yi magana da ya girma."

Ta saurara har ƙarshe, tana gyaɗa kai a inda ya ambaci sunan ƙauyensu. Na juya mata kwafi a wannan gudun, na haɗa mata da wata ƙaramar rikoda da mai ita ya bari shekaru bai zo karɓa ba, na nuna mata inda za ta danna da yadda ake sa batir. Ta ƙulle su a bakin zane, na raka ta tasha ta hau motar Auyo.

Da na dawo na zauna saita injin ya koma gudunsa na asali, don akwai mai maganin basir da ke jiran tallarsa. Na murɗa gaba, na murɗa baya, har magariba kunnena bai yarda ya zauna daidai ba. Washegari na ce wa mutumin ya kai aikinsa wani shago.